Malamar da Kullum Take Manta Tabaraunta

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma, babba da yaro. Da safiyar Litinin, goma sha bakwai ga watan Fabrairu, ina tsaye a bakin ƙofar makaranta ina faɗa da yaran da suka makara, sai wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Babbar 'yarki ce, Yaya. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama. Cewa kawai ta yi, "Anti, Umma ta rasu." Na ce wace Umman, kamar tana da wata da ba ke ba. Ta ce bayan kin idar da sallar asuba kin ce a gyara miki matashi, aka gyara, kika kwanta, shi ke nan. Yaran da na tsare suka ga na saki ƙofa na zauna a kan dutsen nan na maigadi, suka wuce ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya yi gudu.

Yaya, yau kwanaki ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ke kika saba ce mini bakina ya fi hannuna sauri, kuma gaskiyarki ne. Amma akwai abin da ya faru bayan tafiyarki wanda ke ya kamata a fara faɗa wa, kuma ba ni da inda zan same ki. Shi ya sa na zauna na rubuta, domin waɗanda suka san ki su yi miki addu'a, waɗanda ba su san ki ba su san irin wadda muka rasa.

Ga wanda bai sani ba, mu biyu malamai ne a makarantar firamare ta gwamnati, irin wadda yara suke cika aji har wasu su zauna a ƙasa gaban allo. Ni nake riƙe da aji biyu. Ita kuwa ba ta da aji nata. Aikinta shi ne ta bi aji ɗaya da aji biyu ta tsamo yaran da karatu ya ƙi shigar musu, ta zauna da su kaɗan-kaɗan kafin abin ya yi nisa. Mun fi shekara ashirin tare, tebur ɗaya a ɗakin malamai, kofin shayi ma sau da yawa ɗaya.

Ba zan manta haɗuwarmu ta farko ba, domin da faɗa muka fara. Ina sabuwar malama, ina ji da kaina. Na rubuta jimla a allo, na nuna da sanda, yara suka ɗauka baki ɗaya har rufin kwano yana amsawa. Na waiwaya na gan ki tsaye a taga kin harɗe hannu. Da aka fita hutun safe kika tare ni, kika ce ajina yana da murya mai daɗi, amma kusan rabinsu waƙa suke yi. Raina ya ɓaci, na ce ai kowa ya ji su suna karantawa. Kika ce gobe in daina sauraron bakinsu, in dubi idonsu. Washegari na duba. Masu karatu idonsu yana kan allo yana tafiya da sandar. Sauran kuwa bakin na kusa da su suke kallo, wasu suna kallon taga, baki yana motsi daidai da na kowa. Na dawo na same ki ina huci kamar ke kika hana su, kika miƙo mini shayi kika ce in zauna.

A ranar kika faɗa mini maganar da na ji ki kina maimaita wa hedimasta da iyaye da masu duba makarantu har ƙarshen rayuwarki. Kika ce yaron da bai iya karatu ba ba ya kuka, ba ya ihu, ɓuya yake yi a cikin muryar 'yan'uwansa, ana tura shi gaba shekara bayan shekara. Sai ya kai aji shida a ba shi takardar jarrabawa shi kaɗai, a ce daƙiƙi ne. Alhali tun yana aji ɗaya abin da yake bukata shi ne babba ɗaya ya zauna kusa da shi na ɗan lokaci kullum. Kin tsani kalmar nan ta daƙiƙi. Malami ya faɗe ta a gabanki, to ranar ba zai sha shayi da daɗi ba.

Ɗakin da aka ba ki tsohon sito ne a ƙarshen baranda, inda ake tara karyayyun bencina. Ke da kanki kika share shi, kika roƙi kafinta ya haɗa miki benci ɗaya mai lafiya daga cikin matattun, ya rage masa ƙafa yadda ƙafar yaro za ta taɓa ƙasa. Tebur ɗaya mai aljihu, tabarma, taga ɗaya da ake tokare ta da guntun katako, da kwali cike da ƙananan littattafai da kika yi ta ɗinke bayansu da zare. Ba kya zama a gaban yaro. A gefensa kike zama, kafaɗa da kafaɗa, ku fuskanci littafi tare.

Kuma ba ki taɓa shiga aji kin ce waɗanda ba su iya karatu ba su fito ba. Leƙowa kike yi ki ce, "Malama, ara mini mutum uku masu kaifin ido, na manta tabarauna a gida." Sai ki kira ainihin waɗanda kika riga kika gani ta taga. Su fito suna ƙafafa, sauran suna jin haushi ba a zaɓe su ba. A ɗaki sai ki buɗe littafi, ki kai shi nesa, ki dawo da shi kusa, ki tsuke ido, ki ce wayyo ba ki ganin komai. Ki ce wa yaro ya taimake ki, wannan harafin na farko yaya kamanninsa yake, yana da tumbi ne ko yana da sanda, tumbin yana gaba ko baya. Yaro ya bayyana miki. Ki ce af, ai kin san shi, ga yadda yake kuka, ki yi masa sautin. Ki ce shi ne ido, ke ce baki. Haka za ku bi harafi bayan harafi, har ranar da yaro zai riga ki fitar da sautin, ke kuma ki riƙe baki kina mamaki kamar ba ki taɓa ganin irinsa ba. Yaron da aka saba ce wa ya tashi ya karanta ya ji kunya, sai ga shi wata babba tana neman taimakonsa.

Tabaraun kuwa yana nan cikin aljihun tebur, mu malamai duk mun sani. Daga nan sunan Malama Na-Manta ya bi ki, har iyaye ba su san ki da wani suna ba. Nakan tsokane ki in ce tsohuwa da ke kina yi wa 'ya'yan mutane ƙarya kullum safiya. Ki ce ai ba ki ce kin ɓatar ba, mantuwa kika ce, kuma kowa ya san kina da mantuwa tunda kika manta kika yi ƙawance da ni.

Alherinki ba zai ƙirgu ba, amma akwai waɗanda suke tsaye a raina. Akwai ɗan mahaucin nan da aka yi ta duka a gida da makaranta wai ba ya jin magana. Kwana kaɗan da zamanku kika lura kullum yana juyo miki da gefe ɗaya. Kika je har rumfar ubansa, kika tsaya cikin ƙuda kina jira ya sallami masu saye, kika ce masa yaron nan da gaske ba ya ji, kunnensa na dama ne ke da ciwo. Mahaucin ya ajiye wuƙa ya zauna. Ke kika raka su asibiti. Akwai kuma 'yan biyun nan da suke zuwa ba su karya ba, kika mayar da shi doka wai ba a karatu a ɗakinki sai an taya ki cin burodi domin ke ba kya iya ci ke kaɗai. Bara muna cikin motar haya, direban ya yi ta kallon ki ta madubi, can ya ce, "Malama, yau ma an manta da shi?" Ashe shi ma ya taɓa zama a ɗakinki. Kika yi dariya har kika share hawaye, kika tambaye shi ko har yanzu yana juya tumbin baya.

Shekara biyu da suka wuce ciwon suga da kika daɗe kina fama da shi ya taɓa idonki. Ba ki faɗa wa kowa ba. Ni ma a wajen shayi na gane, ranar da na ga kina zubawa a gefen kofi, ruwan zafi yana bin tebur, ke kuwa kina ta ba ni labari. Na riƙe hannunki. Kika ce hazo ne ya fara rufe miki tsakiya, gefe-gefe kawai kike gani, kuma likita ya ce tabarau ba zai ƙara yi miki amfani ba. Na fashe da kuka a ɗakin malamai, kika ce in rufa miki asiri in share fuskata kafin wani ya shigo. Tsoronki ɗaya ne, kada a ce ki tafi gida ki huta a mayar da ɗakin sito. Na yi miki faɗa, na ce lafiyarki ta fi ɗaki. Kika ce kin ji, amma in bari ki ƙarasa da waɗanda ke hannunki. Kullum kuwa akwai waɗanda ke hannunki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya ga bambanci. Kina leƙowa aji kina neman masu kaifin ido, kina kai littafi nesa kina dawo da shi kusa, yara suna dariya, malamai suna cewa Na-Manta ba ta gajiya da wasanta. Ni kaɗai na san wasan ya ƙare. Ni nake tsaya miki a taga yanzu, in dubi idanun yara in raɗa miki waɗanda za ki kira.

Cikin waɗanda na raɗa miki a farkon wannan zango akwai yarinyar da 'yan ajinsu suke kira Lauya, saboda ba a gama magana ba ta kawo tata hujjar ba. Daga wata makaranta aka dawo da ita, tana maimaita aji biyu. Kanta yana ja ƙwarai. Sau ɗaya za a karanta shafi a gabanta ta haddace shi, ta tashi ta zuba shi tana bin layi da yatsa, ba ta san harafi ko ɗaya a ciki ba. Da haka ta wuce malamai da yawa. Mahaifiyarta mai ɗinki ce a bakin kasuwa, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu har da na goye. Ta zo makaranta da kanta, ba da faɗa ba, a gajiye. Ta ce ta ba yarinyar takardar awon wata mai kawo ɗinki ta karanta mata, ta kasa ko kalma ɗaya, bayan shekara uku tana wanke mata kayan makaranta. Ta ce idan zangon nan ya ƙare ba ta iya ba, za ta zaunar da ita a shago ta koyi keke ta riƙe mata jariri, ko ba komai ta tashi da sana'a a hannu. Ni na buɗe baki zan yi mata wa'azi, kika taka mini ƙafa. Kika ce mata maganarta tana kan hanya, kika roƙi arziki ɗaya kawai, ta bar miki ita zuwa ƙarshen zango.

To amma Lauya ta zo da shirinta. Yayanta ya taɓa zama a ɗakinki shekarun baya, kuma ya tona miki asiri. Ranar farko kina cewa kin manta tabarau, ta harɗe hannu ta ce, "Yayana ya faɗa mini. Yana cikin aljihun tebur. Kina gani, so kike ki gwada ni." Kika yi dariya har da tari. Sannan kika faɗa mata gaskiya tsakaninki da Allah, cewa da can wasa ne, amma yanzu ba kya gani. Ta ce haka kike ce wa kowa. Makonni suka yi ta wucewa, sauran yara suna ta bayyana miki tumbi da sanda, ita tana zaune a ƙarshen benci ta kafe kai. Na san abin da ke damun ta, ke ma kin sani. Gara a ce ta ƙi da a ce ta kasa. Na ce ki bar ni da ita in yi mata ta ƙarfi, kika ce kada in kuskura. Amma a hanyar gida, kina riƙe da gefen mayafina muna tsallaka titi, kin ce mini wannan yarinya tana hana ki barci. Dabarar da ta yi miki aiki shekara da shekaru ta ƙi ci a daidai lokacin da ta zama gaskiya.

Ranar wata Alhamis, ina cikin aji, sai ga Lauya ta shigo da gudu ba sallama, fuskarta duk ta canza. Ta ja ni waje ta ce, "Malama, na yi mata gwalo." Na tambaye ta wa ta yi wa. Ta ce, "Malama Na-Manta. Na zo daidai fuskarta na yi mata gwalo, na sake yi, tana ta yi mini murmushi. Ba ta gani ba." Sai ta fashe da kuka, irin kukan da yaro yake yi da dukan jikinsa. Ta ce ita ta ɗauka ƙarya ne, kullum kina ce mata ta taimake ki tana ƙi. Na rungume ta a baranda.

Washegari ba ki zo ba. Jikin ya tashi, aka kwantar da ke a asibiti. Da na je duba ki, kafin in zauna kika tambaye ni Lauya. Na ba ki labarin gwalo, kika yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Kika ce yarinyar nan ta fi mu duka wayo, ita kaɗai ta yi tunanin ta bincika. Sannan kika kama hannuna kika ce, "Ki faɗa mata na gaji da kwanciya ba mai karanta mini komai. Ina jiran ta."

Na faɗa mata. Yaya, da kin ga yarinyar nan a makonnin da suka biyo baya. Kullum aka fita hutun safe tana bakin ɗakinki kafin in iso da makulli. Ta zaɓi ɗan littafin nan mai koren bango, na kyanwa da takalmi, wanda ba a taɓa karanta shi a gabanta ba, domin ta ce ba ta son ki ce hadda ta yi. Ta hana ni karanta mata ko layi ɗaya. Harafi kawai take tambaya ta, in yi mata sautinsa, ta juya mini baya ta haɗa da kanta tana raɗa. Mahaifiyarta ta ce a shago ma ta addabe ta, ba kwalin zare, ba takardar sabulu, kowanne sai ta tsaya ta yi ta gunaguni a kansa. Na ce ta karanta mini in ji inda ta kai, ta ce a'a, na Malama ne. Da aka sallame ki kika koma gida, muka yi da ke a waya zan kawo ta ranar Litinin bayan an tashi.

Litinin ɗin ke nan. Ina zaune a kan dutsen maigadi da waya a hannu, ita ce ta ƙarshe da ta shigo. Ta makara ne domin ta tsaya an goge mata kayan makaranta. Littafin yana hannunta, ba ta sa shi a jaka ba kada ya lanƙwashe. Ta tsaya a gabana ta ce yau ne ko. Da na samu na faɗa mata, ba ta yi kuka ba. Ta dubi littafin, ta dube ni, ta juya ta fita daga makaranta, ban iya ko kiran ta ba.

A gidanki, bayan an kai ki, na ga mutanen da ban san kin taɓa rayuwarsu ba. Magidanta da gemu, mata da goyo, kowa yana cewa ya zauna a bencin nan. Mahaucin ya zo da ɗansa, wanda yanzu ya fi shi tsawo. Maigidanki, wanda ban taɓa jin ya yi doguwar magana ba, ya kira ni gefe ya faɗa mini abin da ko ni ban sani ba. Na sha mamakin yadda kike gyara wa yaro kuskure alhali ba kya ganin shafin. Ashe tun da idon ya fara tafiya, kullum da yamma bayan ya dawo daga aiki sai ki zaunar da shi ya karanta miki littattafan kwalin nan ɗaya bayan ɗaya, shafi da shafi, har kika haddace su duka da inda kowane layi ya ƙare. Ya ce shi da ya yi jikoki, ya san labarin kyanwa da takalmi fiye da kowa a unguwa. Ya yi murmushi, sai murmushin ya karye, ya rufe fuska da hannun riga.

Lauya ba ta dawo makaranta ba har mako ya zagayo. Ranar da ta dawo, tare da mahaifiyarta suka zo, jariri a baya. Suka same ni a ɗakinki ina kakkaɓe ƙura. Matar ta yi mini gaisuwa, ta yi miki addu'a mai yawa. Sannan ta ce ba sai an jira ƙarshen zango ba, yarinyar ta daina taɓa littafi, ta ce wadda za ta karanta wa ta tafi. Sun zo ne su dawo da littafin makaranta su yi sallama. Lauya ta ajiye shi a kan tebur, ta koma bayan uwarta.

Kin san ni, Yaya, ba ni da dabara, faɗa na iya. Na ji shi yana taso mini, in ce wa uwar kaza, in ce wa 'yar kaza. Sai na tuna ƙafata da kika taka. Na roƙi matar ta ɗan dakata. Na jawo aljihun tebur, ga naki nan a kwance inda kika bar shi, igiyarsa a nannaɗe. Na cire nawa, wanda ni kam ba na ganin rubutu sai da shi, na ajiye kusa da naki, na rufe. Na zauna a kan bencin, a gefen da kike zama. Na ce, "Lauya, na manta tabarauna."

Ta leƙo daga bayan uwarta ta ce, "Na ga lokacin da kika cire shi."

Na ce haka ne, ta gani. Na ce amma saƙo ne aka bar mini, an ce ana jiran ta, kuma ni ban san yadda zan yi da saƙon ba. Can ta tako a hankali, ta ɗauki littafin, ta zauna kusa da ni har kafaɗarta tana taɓa hannuna. Ta ce, "To rufe idonki duka. Kada ki leƙa."

Na rufe. Na ji ta buɗe shafi, na ji numfashinta. Sai muryar ta fito, ƙarama, tana tsayawa a kan kowace gaɓa, ba irin zubin haddar da na san ta da shi ba. "Kyanwa ta ga takalmi. Ta shiga ciki." Ta kai wata kalma ta maƙale. Na ciji leɓe kada in faɗa mata. Na ji tana raɗa sautukan ɗaya-ɗaya, ta koma baya, ta sake tahowa, sai ga kalmar ta fito. Haka ta bi shafin har ƙasa, ta juya na biyu. Hawaye yana bin fuskata ta ƙarƙashin rufaffen ido, ban share ba kada ta ce na leƙa.

Da ta kai ƙarshe na buɗe ido. Mahaifiyarta tana durƙushe a bakin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafi. Ba ta ce komai a kan shago ba. Ta miƙe, ta gyara goyonta, ta ce wa yarinyar idan an tashi ta biyo ta kasuwa kada ta tsaya wasa a hanya, ta tafi ita kaɗai. Lauya ta rufe littafin ta riƙe shi a ƙirji. Sai a lokacin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar Litinin. Cikin kukan ta tambaye ni ko kin yafe mata gwalon. Na ce mata kin yi dariya har aka leƙo daga waje, kuma kin ce ta fi mu duka wayo.

Abin da nake son faɗa miki ke nan, Yaya. Ta karanta. Awoyi kaɗan suka rage ki ji da kunnenki, Allah bai nufa ba, kuma wannan ciwon zai daɗe a raina. Tana nan a aji, layin gaba, tana gardama da kowa kamar yadda ta saba. Hedimasta ya ce ɗakin ba zai koma sito ba, ya ba ni makullin, ya ce in riƙa zama da su lokacin hutun safe kafin a samo wadda za ta riƙe aikin. Ban kai ki haƙuri ba, kin sani, amma ina koyo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, abokin zamanki kuma mai karanta miki, Allah ya ba shi juriyar yammacin da zai riƙa yi ba ke. Ina yi wa babbar 'yarki da ƙannenta da jikokinki gaisuwa, da 'yan'uwanki, da malaman makarantarmu, da duk wanda ya taɓa zama a kan gajeren bencin nan yana bayyana miki kamannin harafi. Rashin na mu duka ne, Allah ya ba mu haƙuri.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka jiƙan ta, Ka gafarta mata, Ka yafe mata kurakuranta na sarari da na ɓoye. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata mata kabarinta, Ka cika shi da haske, ita da ta ƙare kwanakinta cikin hazo ba ta yi ƙorafi ba. Duk harafin da wani yaro ya karanta ta dalilinta, yau da bayan yau, Ka sa shi a mizaninta. Ka sa Aljanna ce makomarta, Ka haɗa mu da ita a can, idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.

Tabaraunki yana nan a aljihun tebur, Yaya, ban bari an taɓa shi ba. Gobe da safe akwai yara uku da na gani ta taga, zan je in aro su, in ajiye nawa kusa da naki.